Makirufon gangar ƙafa: sunan kamfani ba ya gyara ganga

Gangar ƙafa, wato babbar gangar da mai kiɗa ke bugawa da feda, sauti uku take fitarwa a bugu ɗaya. Akwai rugugin da ake ji a ƙirji, mai girgiza iska sau 50 zuwa 80 a sakan. Akwai ƙarar kan sandar feda idan ta sauka a kan fata, can sama wajen girgiza 3,000 zuwa 5,000. Tsakaninsu kuma akwai amon jikin katakon gangar, wajen 300 zuwa 500. Maganar da wani mai situdiyo ya yi kwanan nan, cewa wanda ba shi da Shure Beta 52A ko Audix D6 bai isa ya ɗauki gangar ƙafa ba, kuma jama'a suka tafa masa, ta nuna an manta da wannan sauti na tsakiya gaba ɗaya.

Waɗannan makirufo, da AKG D112 mai siffar ƙwai, an ƙera su ne da hukuncinsu a ciki. Suna ɗaga rugugi, suna ɗaga ƙarar sanda, suna danne tsakiya, D6 ya fi kowa dannewa. Sakamakon shi ne kafin injiniya ya kasa kunne, kamfani ya riga ya yanke masa yadda gangarsa za ta yi amo. A dandalin biki, inda ba lokaci kuma lasifika na ihu, wannan yana da amfani. A situdiyo asara ce. Abin da makirufo ya zubar ba ya dawowa da daɗi a miksa, duk yadda aka murɗa ikwalaiza.

Kuma yawancin masu sauraro a waya suke jin waƙa. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da girgiza 60. Idan an kwashe tsakiya, abin da ya rage wa mai waya shi ne ƙas-ƙas ɗin sanda kawai, ganga ba jiki.

Tarihin sana'ar ma bai goyi bayan masu wannan ra'ayi ba. AKG D12, wanda aka fitar a Biyana a 1953 kuma ya yi suna a gaban gangar ƙafa, don murya aka yi shi. Electro-Voice RE20 na 1968 makirufon masu gabatar da shirye-shiryen rediyo ne. Sennheiser MD 421 na 1960 na kowane aiki ne. Da su aka ɗauki fayafayan da har yau ake koyi da su. A 1966, lokacin da ƙungiyar Beatles ke aikin Revolver a Landan, Geoff Emerick ya cusa rigar sanyi ta ulu cikin gangar Ringo Starr, ya matso da makirufo kusa da fata fiye da yadda dokar situdiyon ta yarda. Rigar da matsowar su suka sauya sautin.

Nan aikin yake. Tun ran gini ake zane: fatar da ta tsufa ta lotsa a wurin da sanda ke sauka ba za ta yi rugugi ba ko da wane makirufo aka kafa mata. Ana ɗaure ƙusoshin fata daidai da juna, ana danna tsakiyar fatar da tafin hannu, a ci gaba da ɗaurewa har tamoji su ɓace a gefe. Filo ko bargon da ke ciki ya taɓa fata kaɗan, kada ya cika ganga ya shaƙe ta. Kan sanda na ulu yana ba da bugu mai taushi, na roba ko katako yana ba da ƙara. Daga nan sai wurin ajiye makirufo. Idan aka zura shi ta ramin fatar gaba har ya kusa inda sanda ke bugawa, ƙara ta yi yawa, jiki ya ragu. Idan aka janyo shi baya zuwa bakin rami, rugugi ya cika, sai dai a karkata shi kaɗan don iskar da ke fita kada ta buge shi. Tazarar tafin hannu ɗaya tana sauya sauti fiye da bambancin makirufo biyu masu tsada. Shure SM57 na 1965, wanda kusan kowane situdiyo ke da shi, idan aka ajiye shi daidai a ganga mai kyau yana ba da abin da za a yi aiki da shi, ko da rugugin nasa bai kai ƙasa sosai ba. Wanda ke son ƙarin ƙasa yana iya juya lasifika ta zama makirufo a gaban ganga, dabarar da injiniyoyi suka daɗe suna yi da lasifikar Yamaha NS-10.

Ana cewa ƙarfin bugun gangar zai lalata makirufon da ba nata ba. Makirufon dainamik na kirki ba ya jin wannan. Ana cewa abokin ciniki yana son ganin suna. Wannan maganar talla ce, ba ta sauti ba, balle ma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunan.

Abin takaicin shi ne waɗanda ke kafa wannan doka su ne magadan waɗanda suka sallami makaɗa tun da fiyano ya shigo situdiyoyin waƙoƙin fim a Kano. An bar kalangu da ganga a waje, aka koma danna maɓalli, kowace waƙa da bugun ƙafa iri ɗaya daga cikin na'ura. An yi shekaru ba a koya wa yaran situdiyo ɗaure fata ko sauraron ɗaki ba. Yanzu da wasu matasa ke ƙoƙarin dawo da kiɗa na hannu, sai a tare su da jerin kayan saye, a nuna musu makirufon da zai sa gangar gaske ta yi amo irin na fiyanon da suke gudu.

Mai ƙaramin situdiyo da ke da kuɗin abu ɗaya, sabuwar fata ya kamata ya fara saya, sannan labule mai kauri ko katifa don bangon da ke mayar da amo. In kuɗi sun ragu, ya nemi makirufon dainamik wanda bai danne tsakiya ba, wanda gobe zai yi masa aikin murya ko na kalangu.