Lasifikar waya tana cinye rabin kiɗan da matasan Haɗejiya ke saurare

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da fadar Sarkin Haɗejiya ranar hawan Salla ya san yadda tambari yake. Kafin kunne ya gama ɗaukar amonsa, ƙirji ya riga ya ji shi. Amma idan aka ɗauki bidiyon wurin da waya, aka dawo gida aka kunna, sai a ji algaita da hayaniyar jama'a, tambarin kuwa ya koma kamar ana buga kwali. Wannan abin da ya ɓace shi ne masu kiɗa ke kira bes, wato amon ƙasa mai kauri. Rashinsa ya fara canza irin kiɗan da ake yi a Arewa, kuma lokaci ya yi da matasa masu waya za su damu da shi.

Dalilin ɓacewar a bayyane yake. Ana auna sauti da Hertz, wato yawan girgizar iska a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan Hertz 20 zuwa 20,000. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana ba da kusan Hertz 41. Kafin lasifika ta fitar da amo mai zurfi haka, sai ta tura iska mai yawa, ita kuwa lasifikar waya ba ta kai girman farcen babban yatsa ba. Saboda haka duk amon da ya yi ƙasa da 'yan ɗaruruwan Hertz yana raunana sosai ko ya ɓace. Ko wayar Tecno ce, ko Samsung, ko iPhone, dokar ɗaya ce, tsada tana ɗan rage matsalar ne kawai.

Masu kiɗan jaz sun daɗe da sanin darajar wannan amo. A faifan Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959, waƙar So What tana tafiya ne a kan bes ɗin Paul Chambers: shi ke faɗin jigon kiɗan, fiyano da masu busa suna amsa masa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi. Wanda ya kunna ta a lasifikar waya zai fi jin amshin, jagoran kuwa sai ya kasa kunne sosai. Charles Mingus ya jagoranci ƙungiyarsa yana riƙe da bes. Kamfanin Fender ya fitar da jitar bes mai lantarki a 1951, Jaco Pastorius ya nuna iyakar abin da za a iya yi da ita, Richard Bona ɗan Kamaru kuma ya zaga duniya da ita.

Bahaushe bai jira jaz ba kafin ya gane haka. Gangar noma da ake bugawa a wurin gayya an yi ta da girma ne don amonta ya ratsa gona ya haɗa hannun manoma. Tambari ma haka yake a fada. Waƙoƙin Mamman Shata suna zaune ne a kan kalangai da ke riƙe masa tafiya.

Yau yawancin waƙoƙin Hausa a situdiyo ake haɗa su, da fiyano da kwamfuta, mutum ɗaya yana yin aikin da makaɗa biyar ke yi a da. Mai haɗa kiɗan ya san a waya za a saurari aikinsa, a TikTok ko ta turawar Xender. Sai ya ƙara ƙarfin murya da siraran sautuka, ya yi sakaci da ƙasan kiɗan tunda ba za a ji shi ba. Mai sauraro ya saba da haka, ya ɗauka iyakar kiɗa ke nan. A wurin biki kuma DJ da memori ya fi tawagar makaɗa araha. Makaɗin da ba a gayyata ba ya samun kuɗi, ɗansa kuwa ba zai gaji sana'ar da ba ta ciyar da gida ba.

Wasu za su ce waƙar Hausa magana ce, in dai an ji baitoci to an gama. Akwai gaskiya a ciki, domin Ɗan Maraya Jos da ƙaramin kuntiginsa ya cika ƙasar nan. Wasu kuma za su tuna cewa wayar ce ta fitar da mawaƙa da dama. Mdou Moctar na Nijar ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya, har ɗaya ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da aka fitar a Amurka a 2011. Sai dai da ya tashi hawa manyan dandamalin duniya, da cikakkiyar ƙungiya ya hau, har da mai ganga da mai bes, Mikey Coltun. Waya ta buɗe masa ƙofa, amma makaɗa masu rai ne suka zaunar da shi a ciki.

Gyaran bai buƙaci sabuwar waya. Iyafis mai robar da ke toshe kunne yana fitar da bes fiye da lasifikar waya mafi tsada, saboda iskar da zai tura 'yar kaɗan ce. Masu haɗa kiɗa a FL Studio ko BandLab su ma suna da dabara: amon Hertz 41 yana tafe da 'ya'yansa a 82 da 123 da 164 har zuwa sama, kuma idan aka ƙarfafa waɗannan, ƙwaƙwalwa takan cike gurbin uwar amon ko da lasifika ba ta fitar da shi ba. Ta haka bes zai fito a waya ba tare da an lalata shi a babbar lasifika ba.

Aiki mafi gaggawa shi ne adanawa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu a yankin Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma. Ganga itace ce da fata, ba ta jure ruwa, kuma tsohon makaɗin da ya yi ƙaura ba lallai ne ya sake ɗaura wata ba. Matashin da ke da waya zai iya zuwa ya ɗauki kiɗan da izinin mai shi, ya kuma biya shi. Sai dai kada ya ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, domin an tsara shi ne don magana, yana matse sauti. Ya nemi ƙaramar makirfo mai shiga waya, ya ɗauka a tsarin WAV, ya rubuta sunan makaɗin da garinsa da ranar, ya tura fayil ɗin a matsayin takarda don kada a rage shi.

Masu biki ma suna da rawar takawa. Wanda ya iya kama DJ da mai hoto zai iya ware wani abu ya kira masu kalangu ko da na awa ɗaya ne. Yaran da ke wurin za su ji amon ganga a ƙirjinsu, daga nan su san abin da ya kamata su nema duk lokacin da suka sa iyafis a kunne.