Lafiyar Gida: In Maɗigar Jariri Ta Faɗa

Iyaye, in jariri ya kai wata shida ko bakwai ya soma zawo, maganar da akan fara ji a tsakar gida ita ce, "Haƙori ne, zai wuce." Daga Ƙofar Atiku har sauran unguwannin Sakkwato haka kakanni suke faɗa, kuma da ƙauna suke faɗa. Amma haƙori ba ya kawo zawo mai tsanani. Lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da lokacin da yaro yake koyon rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, an kuma soma ba shi koko da ruwan randa. Ta nan ƙwayoyin cuta suke shiga cikinsa.

Abin da yake kashe jariri a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A garin da zafin bazara yakan wuce digiri 40, wannan ba ya ɗaukar kwanaki. Ku dubi maɗigarsa. In ta faɗa ciki, idanu sun zurma, baki ya bushe, fitsari ya ragu, to ruwa ne ya yi ƙasa. Waɗansu sukan kwaɓa magani su shafa a kan maɗigar. Ni dai a ganina wannan kamar shafa wa tulu laka ne alhali ruwa yake bukata. Ruwa ya koma jiki, maɗiga za ta taso da kanta.

Maganin kuwa ba shi da tsada. A shekarar 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a ƙasar Indiya, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan ƙari ga masu kwalara, sai ya shiga ba su ruwan gishiri da sukari ta baki. Masu mutuwa suka ragu daga wajen 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Ku sayi ƙunshin ORS a kantin magani, ku dama shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida shafaffe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, gama gishiri mai yawa yana da haɗari. Bayan kowane zawo a ba yaro rubu'i ko rabin kofi, da cokali, kaɗan kaɗan. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a dama sabo. Uwa kuma kada ta janye nono ko kaɗan. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, ma'aikacin lafiya zai gaya muku adadin da ya dace da watanninsa.

Maigida, in ka ga jini a kashin yaro, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko zazzaɓi ya hau, kada ka jira gari ya waye. Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna nan cikin gari.

Tun 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin rigakafin jarirai. Ɗigo ne a baki, a mako na 6, na 10 da na 14, kyauta. Ku ɗauko katin yaronku ku duba ko an rubuta duka ukun.