Wa ya ce rashin bangaskiya ne ya kwantar da yarinyar?

Akwai wata yarinya a ajin da nake koyarwa, ƴar shekara 11, mai fama da amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila. Duk shekara da zarar hunturu ya kama, sai mu yi sati biyu ko uku ba mu gan ta a lakkol ba. Bana abin ya fi na kullum. Da na je gaisuwa gidansu, uwar ta kasa ɗaga ido ta dube ni. Daga baya na ji dalili. Wani baƙon mai wa'azi ne ya zo taron farkawa, ya ɗora wa yarinyar hannu, ya ce ciwo ya tafi, kuma duk wanda ya ƙara ba ta magani shakkar ikon Allah yake yi. Uwar ta ɗauke ƙwayoyin ta ɓoye. Da ciwon ya tashi, sai aka ce mata ai bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Ga mari ga tsinka jaka.

Ni Kirista ne, a majami'a na tashi, kuma ina gaskata cewa Allah yana warkarwa. Wasiƙar Yaƙub ma ta umarci a kira dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a. Abin da nake faɗa da shi daban ne. Wata koyarwa ce da ta shigo mana ta wayoyin hannu da tarukan dare, wadda ke cewa duk wahalar da ta sami mai bi, ko dai zunubi ya yi, ko bangaskiyarsa ta yi rauni, ko bai ba da baiko yadda ya kamata ba. Wannan koyarwa ƙarya ce, kuma a kan yara da iyaye mata take sauka.

Mu fara da ciwon kansa, tunda mu malamai ne. Amosanin jini gado ne. In uwa da uba kowa yana ɗauke da ƙwayar halittar, wato AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Tun kafin a raɗa wa yarinyar nan suna abin yana jininta. Sanyi, ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro su ne ke tayar da shi. Ina zunubin uwa ya shigo a nan?

Wanda ya ce shi daga Littafi Mai Tsarki yake magana, to ya buɗe littafin Ayuba. Mutumin nan ya rasa ƴaƴa goma a rana ɗaya, dukiyarsa ta tafi, jikinsa ya cika da marurai. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. A ganina wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka dinga nema masa laifi, lalle akwai abin da ya ɓoye. A sura ta 42 Allah da su ya yi fushi, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Shi kuwa Ayuba ya yi kuka, ya yi gardama, ya tsine wa ranar da aka haife shi, amma bai saki Allah ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma da haƙurin Annabi Ayuba suke misali, ban taɓa jin wani a cikinsu ya ce alhaki ne ya kama shi ba. A Yohanna sura ta 9 almajirai sun tambayi Yesu ko laifin makahon ne ko na iyayensa, ya ƙaryata duka biyun. Bulus sau uku yana roƙo a cire masa abin da ke damunsa a jiki, ba a cire ba. Shi ma bangaskiyarsa ce ba ta kai ba?

Mu dawo gida. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Ƙonni zuwa Madawa ya san Galmi, garin albasa, cikin yankin Malbaza. Tun 1950 ƴan mishan na SIM suka buɗe asibiti a wurin, har yau yana aiki, mutane na zuwa daga Illela da Tawa da ma ƙetaren iyaka daga Najeriya, yawancinsu Musulmi. Waɗanda suka kafa shi mutanen addu'a ne, don addu'ar ma suka baro ƙasashensu. Amma ba su tsaya ga ɗora hannu ba, sai da suka kawo wuƙar tiyata da allura da magani. Shekara sama da 70 ke nan ana addu'a a bakin gadon mara lafiya ana kuma ɗaura masa ƙarin ruwa. In shan magani rashin dogara ga Allah ne, to kakanninmu a bangaskiya duk sun ɓata, har da Luka da ya rubuta bishara, wanda Bulus ya kira likita.

Kuma ba ciwo kaɗai ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙona gomman majami'u a Damagaram da Yamai. Masu sujada a cikinsu ba su yi zanen da aka buga a Faransa ba, wasunsu ma ba su san da shi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Ƙonni da Illela ta Sakkwato, Najeriya ta yanke wuta, abinci da magani suka yi tsada, sai a watan Maris 2024 aka buɗe hanya. Wahalar nan ba ta tambayi kowa addininsa ko yawan azuminsa ba. Fasto ya sha, liman ya sha, mai tura amalanke ya sha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da yaro ke koya. Yarinyar da aka gaya wa cewa in tana da bangaskiya za ta warke, kuma ba ta warke ba, ɗayan biyu za ta ɗauka: ko ita ce Allah ba ya so, ko kuma duk maganar ƙarya ce. Na ga samarin da suka daina zuwa sujada a kan haka. Shi mai wa'azin ya karɓi kuɗin motarsa ya yi gaba, mu aka bar wa tambayoyin.

Malaman lakkol da na makarantar Lahadi, in yaro ya tambaye ku don me Allah ya bar shi da ciwo, ba abin kunya ba ne ku zauna kusa da shi ku ce amsar ta fi ku, amma Allah bai juya masa baya ba. Iyaye kuma, ku kai yaro likita, ku yi addu'a a hanya. Shugabannin ikilisiya, kafin ku miƙa wa baƙo bagadi ku san abin da zai faɗa, ku kuma ƙarfafa masu shirin aure su yi gwajin jini tun kafin a kai kaya.

Yarinyar ta dawo aji bayan ta yi kwana 19 a kwance. Na matsar da ita daga bakin taga saboda iska, na kuma ba ta izinin shiga da gorar ruwa. Uwar har yanzu a bencin baya take zama ranar Lahadi.