RUWA BA YA TSAMI BANZA: RIJIYOYINMU DA KAJINMU

 Yau muna so mu yi magana a kan wani abu da a ke ɗauka ƙarami, watau ruwan da mu ke zuba wa kaji a gidajenmu. A Nima da Madina da Ashaiman gidaje da yawa suna da akurki a bayan ɗaki. Kaza ita ce asusun mai ƙaramin ƙarfi, zama ita a ke sayarwa ran da yaro ya kwanta ciwo, ita a ke yanka wa baƙo. In kuwa famfo ya ɗauke, rijiya a ke komawa, mutum da kaza duka.

Ra'ayinmu shi ne, ruwan da ba mu yarda mu ba ɗanmu ba, bai kamata mu ba kaza ba. Mun sani waɗansu za su ce, ai kaza a kwata ta ke sha, ba ta kuwa mutu ba. Gaskiya ne akwai mai tsira, amma waɗanda ba su tsira ba babu mai ƙidaya su. Kaza ta kan sha ruwa kamar ninki biyu na nauyin abincin da ta ci. Mai ƙwai ta kan sha wajen kwatan lita a yini, da zafi kuwa ta fi haka. Shi kansa ƙwai, kusan kashi 3 cikin 4 nasa ruwa ne. Sabo da haka in ruwa ya ɓaci, a kan ga zawo ga 'yan tsaki, girma ya tsaya, ƙwai ya ragu.

Malamanmu sun koya mana a duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi alwala da shi. Wannan hukunci ne na tsarki, yana nan daram. Amma maganar lafiya dabam ta ke, domin ƙwayoyin cuta ba su da launi, ba su da wari. Ruwa ya kan yi garau kamar idon zakara alhali kuwa salgar maƙwabci tana tsatsafowa cikinsa ta ƙarƙashin ƙasa. A unguwanninmu gida na manne da gida, rijiyoyin kuma haƙar hannu ne, ba su da zurfi. Masana tsafta sun ce a bar mita 30 tsakanin salga da rijiya. Kowa ya auna tasa ya gani.

Har wa yau, ɓarnar gaba da baya ta ke yi. Kaza ta hau bakin rijiya ta yi kashi, a ajiye guga a ƙasa inda ta taka, a sake zura shi ciki. Ruwan sama ya zo ya kwashe kashin akurki ya gangara da shi rijiya. Cikin kashin kaji akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira salmonela, mai sa zawo da zazzaɓi ga mutum, ta kan kuma shiga ƙwai. Ke nan rijiya ta cuci kaza, kaza ta cuci rijiya, a ƙarshe yaran gida ne ke biyan bashin. Ba mu manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a Gana, ta kashe fiye da 200, mafi yawansu nan yankin Ankara. Ita wannan ba cutar kaji ba ce, amma ta nuna mana yadda ƙazanta ke bin ruwa har cikin randa.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a ƙasar nan a Tema cikin 2007, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Tana bin kashin tsuntsu da ruwan da ya taɓa. Agwagwa ta kan ɗauke ta ba tare da ta nuna alama ba, don haka bai kyautu agwagi da kaji su sha kasko ɗaya ba. In kaji suka fara faɗuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da likitan dabbobi.

Ban da ƙwayoyin cuta, waɗansu rijiyoyin da ke kusa da teku gishiri ne da su. Ruwa mai gishiri ya kan sa kashin kaza ya tsinke, ɓawon ƙwai ya yi laushi. Wannan tafasawa ba ta magance shi, sai a nemi wani ruwa, ko a tari na sama a mazubi mai murfi.

To, me za a yi? Abin ba ya bukatar dukiya mai yawa. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti mai gangara waje, a sa murfi. Guga ɗaya tak, a rataye shi, kada ya taɓa ƙasa. Akurki ya koma nesa, ta wajen da ruwa ke gangarawa. Kaskon kaji a wanke shi da sabulu kowace safiya, a ɗora shi bisa bulo don kada su taka ciki. Alif, wanda waɗansu ke ce wa alam, laka kaɗai ya ke kwantarwa, ba a dogara da shi wajen kashe cuta. Abin da ke kashe ta tafasawa ne, ko ƙwayar kulorin irin su Aquatabs, a bi awon da ke jikin takarda, a jira minti 30. Amma a lura, ran da za a ba kaji allurar rigakafi ta cikin ruwan sha, kada a yi da ruwa mai kulorin, zama shi kan kashe maganin.

Saura aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ido ba ya gane lafiyar ruwa, sai awo. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ƙwayar najasa ko ɗaya cikin mililita 100. Akwai ma'aikatar binciken ruwa ta CSIR nan Ankara, inda a ke irin wannan awo. Muna roƙon masu unguwanni da shugabannin jam'iyyarmu su sa a rubuta rijiyoyin kowane layi, a tara kuɗi kamar yadda mu ke yi don suna da jana'iza, a kai ruwa awo sau ɗaya a shekara, musamman da damina ta kankama wajen watan Yuni. Masu gidajen haya kuma, rijiya taku ce, gyaranta a wuyanku ya ke, kada a bar wa mata 'yan haya.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In 'yan tsaki suna mutuwa a gida, kafin a zargi maƙwabci ko a ce sammu ne, a fara leƙa rijiya. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka ga kiwonmu, amin. Haza wasalam.