KAYAN AIKI: SSD, gudun farko ba shi ne gudu ba

A ce ƙarfe goma sha ɗaya ne na dare a lokeshin. An yini ana shutin, an tashi, jarumai sun kama gabansu. Saura yaro ɗaya a gaban laftof yana juye aikin ranar daga katin kyamara zuwa sabon SSD ɗin da furodusa ya sayo. Da farko abin ya ɗauki wuta kamar ɗan acaɓa ya hango fasinja, kwamfuta ta ce saura minti goma. Kafin ya gama shan shayi sai ta sake magana: saura awa ɗaya da rabi. Ga man janareta na ƙarewa, ga darakta na jiran kati don aikin asuba. A irin wannan daren ne ake zare waya kafin kwafi ya kammala, a goge kati, sai an je teburin edita a ga babu sin ɗin da aka kashe wa kuɗi. Jarumar kuwa ta riga ta wuce wani lokeshin a Jos.

Matasan da ke sha'awar shiga industiri, ko masu haɗa gajerun finafinai don YouTube, ya kamata su san abin da ke jawo haka tun kafin su kai kuɗinsu kasuwa.

Da can lissafin ba wuya. A zamanin MiniDV, kaset ɗin awa ɗaya gigabait 13 yake ci idan an zuba shi a kwamfuta. Faifan DVD kuwa gigabait 4.7 ne kacal. Yau fa? Awa ɗaya ta hoton 4K a tsarin ProRes 422 HQ ta haura gigabait 300. Ga shi kuma yayin finafinai masu dogon zango ake yi, irin su Labarina da Izzar So, inda aiki ke taruwa mako bayan mako. Shi ya sa SSD ya shiga jakar masu kyamara: ba shi da faifai mai juyawa kamar had-disk, ya fi shi gudu, ya kuma fi shi jure jijjigar mota.

To amma ba nan gizo ke saƙar ba. Lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, 540 ko 1,050 ko 2,000 MB/s, wato megabait a daƙiƙa, gudun farko ne. Akasarin SSD na yanzu suna ware wani ɓangare mai saurin karɓar kaya, wanda ake kira SLC kash. Kamar zaure ne a gidan biki. Baƙin farko suna shiga a guje don akwai fili. Da zaure ya cika, sai kowa ya tsaya layi har na gaba su shige cikin gida ta ƙaramar ƙofa. Wanda ke kwafar waƙa biyu ko hotunan biki ba zai taɓa cika zauren ba, don haka shi kullum yabo yake. Mai juye gigabait 500 a zama ɗaya shi ne zai ga faɗin ƙofar.

Faɗin ƙofar kuwa ya danganta da irin ma'ajiyar da ke ciki. Akwai TLC, wadda kowane gurbi nata ke riƙe bit uku, akwai kuma QLC mai riƙe huɗu. QLC ta fi araha kuma ta fi ba da wuri, amma ta fi nawa wajen rubutu. Misali a fili shi ne Samsung 870 QVO, wanda ya fito a 2020. Mai terabait 1 yana farawa da gudun sama da 500, amma zaurensa bai wuce gigabait 42 ba, bayan nan sai ya koma 80. Masu terabait 2 zuwa sama suna komawa 160. Ba ha'inci ba ne, kamfanin da kansa ya bayyana hakan, kuma ga mai ajiyar finafinan kallo kaya ne mai kyau. Sai dai a yi lissafi: gigabait 500 a gudun 500 kusan minti 17 ne, a gudun 80 kuwa ya haura awa ɗaya da rabi. Had-disk mai lafiya ma kan fi haka.

Abin ya fi muni ga masu ɗauka kai tsaye a kan SSD, kamar yadda kyamarar Blackmagic Pocket 4K ke yi. Wancan tsari na ProRes yana zuba kusan megabait 90 a kowace daƙiƙa. Idan SSD ya gaza karɓa, hoto ya tsinke ko ɗaukar ta tsaya, ko da jaruma tana tsakiyar kuka. Kamfanin Apple ma, da ya fito da iPhone 15 Pro a 2023, sai da ya gindaya cewa SSD ɗin da za a jona don 4K mai hoto 60 a daƙiƙa ya iya rubuta aƙalla 220.

Saboda haka tambayar da mai saye zai yi ita ce: nawa yake gudu bayan kash ya cika, kuma TLC ne ko QLC? Idan kwali ya yi gum, a nemi lambar samfurin a intanet, akwai masu gwaji da ke cika SSD tun daga farko har ƙarshe su nuna inda gudun ya faɗi. A kuma duba TBW, wato yawan terabait ɗin da kamfani ya lamunce za a iya rubutawa. Na 870 QVO mai terabait 1 shi ne 360, na ɗan'uwansa 870 EVO mai TLC kuwa 600.

Girma ma yana da ruwa a ciki. A SSD da yawa, zauren yana raguwa ne yayin da gida ke cika, don haka mai terabait 2 da ke da sauran fili ya fi mai terabait 1 da aka danƙare shi maƙil. Gara a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai.

Sai zafi. SSD na rage gudu da kansa idan ya ɗau zafi, don kada ya ƙone. A Kano, inda rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ajiye shi a kan bonet ko cikin jaka a rufe neman magana ne. Mai gidan ƙarfe ya fi na roba fitar da zafi.

Kafa da waya su ma sukan ci amanar mutum. Kafar USB mai 5Gbps ba ta kaiwa 500 MB/s, mai 10Gbps ce ke kusantar 1,000. Wayar cajin da aka tsinta a ɗaki kuwa tana iya mayar da shi ƙasa da 50, duk da bakinta ya shiga daidai. Haka kati: SD mai alamar UHS-I kusan 100 yake bayarwa, ko da wane SSD aka tara masa.

Jabu kuma sun cika kasuwa, musamman ta intanet. Duk wanda aka yi wa tallan terabait 16 a kuɗin memorin waya, ya san araha ba ta ado. Irin waɗannan suna nuna girman ƙarya, su haɗiye fayil, a buɗe a ga wayam. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika SSD ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa. A yi gwajin nan tun ana iya mayar da kaya. Amma idan terabait 1 ya nuna 931 a Windows, kada a tsine wa mai shago, bambancin ƙirga ne kawai.

Na ƙarshe, kuma mafi girma: SSD komai tsadarsa yana mutuwa, sau da yawa ba sallama, kuma ceto kaya daga cikinsa ya fi na had-disk wuya. Kada a goge kati sai aikin ya zauna a wuri biyu, an kuma buɗe shi an gani da ido. SSD na aikin yau da kullum, had-disk babba na ajiya, kuma kada a sa su a jaka ɗaya. Kuɗin na biyun bai kai kuɗin sake tara jarumai a lokeshin ba.

Sai wata mai zuwa, idan Allah ya kai rai.