Wa Ya Ce Waƙar Ibro Shirme Ce?

Mu mazauna Zangon Wagadugu mun saba jin sharhin fim, domin garinmu ne ke karɓar baƙin FESPACO tun 1969. Masana kan kwana suna muhawara da Faransanci a kan kiɗan fim kaza, amma da an ambaci waƙoƙin Rabilu Musa Ɗan Ibro sai a taɓe baki, a ce shirme ne da kiɗan fiyano. Takwarorinsu na Kano ma haka suke, sun fi son a ce waƙar fim ko dai ta soyayya ko ta wa'azi.

To, in shirme ce, me ya kai Ibro gidan yari a 2008? Kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, zamanin Abubakar Rabo, ta yanke masa wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. A takarda, maganar rajistar kamfani ce da rawa. A bakin mutanen gari kuwa waƙar "Mamar" ce, wadda aka ɗauka habaici ce ga masu mulki. Hukuma ta ji zafin waƙar, masu sharhi ne kawai suka kasa jin komai a cikinta.

Ibro bai faɗo daga sama ba. Kafin kyamara ta zo, 'yan kama sun daɗe suna ɗaukar karin malamai da na mawaƙa su juya shi ya koma zancen tuwo da miya, 'yan gambara kuma suna faɗa wa mutane abin da ba a iya faɗa da fuskar shanu. Wannan sana'a tana da nata ma'auni: iya kwaikwayon murya, sanin inda za a saki kalma, da zambon da zai ratsa ba tare da an kama suna ba. Wanda ya auna ta da sikelin Narambaɗa ko Shata ya yi awon gero da mudun gishiri.

Akwai waƙoƙin barkwanci na lalaci, waɗanda aka kwashi karin Indiya aka watsa musu ihu. Aikin mai sharhi ne ya ware su, ya faɗi wacce, ya faɗi dalili. Yi musu kuɗin goro kuwa ragwanci ne.

Ibro ya rasu a Disamba 2014, har yau waƙoƙinsa na yawo a wayoyin matasan zango. Malamai masu alƙalami, ku saurare su tukuna, sannan ku yanke hukunci.