Harafi Ɗaya Tak: Tsokaci Kan Kwafin Littafin Halitta da Gwajin Aure

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan uwa mai karatu, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wahalar kwafi. Almajiri zai ɗauki tawada da alƙalami ya yi rubutu, malam ya duba ya gyara masa wasali ko ɗigo, amma duk da haka akan sami tuntuɓen alƙalami. To, a cikin jikinka akwai wani kwafi da ake yi dare da rana ba tare da saninka ba.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam tana ɗauke da zaren DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu: A, T, C da G. Zaren tufka biyu ne, kullum A na fuskantar T, C na fuskantar G, kamar yadda Watson da Crick suka bayyana a Ingila a 1953. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, dole ta kwafe tagwayen haruffa kimanin biliyan 6. Wani sinadari mai suna helikes ne ke warware tufkar, sannan folimares ya bi kowane sili yana jera masa abokin da ya dace da shi. Ta haka kowace sabuwar ƙwaya take samun sili ɗaya tsoho, ɗaya sabo, abin da Meselson da Stahl suka tabbatar a 1958. Folimares yakan koma baya ya cire harafin da ya sa bisa kuskure, wasu sinadaran kuma su biyo sawu suna tacewa, har kuskuren da ke tsira bai kai harafi ɗaya cikin biliyan ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara wannan!

Sai dai fa mai kwafin nan amintacce ne ga abin da aka miƙa masa, lafiyayye ko mai illa. Ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini, asalinsa harafi ɗaya ne ya sauya: T ya hau gurbin A a umarnin gina sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Wannan harafi ake ta kwafewa daga kakanni zuwa jikoki. Idan miji AS ne matar ma AS ce, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan lalura.

Abin da ke damuna shi ne, har yau akwai masu cewa gwajin jini kafin aure rashin tawakkali ne. Ni dai ban gamsu ba. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ji labarin annoba a ƙasar Sham, ya juya da tawagarsa, kuma ya fahimtar da Abu Ubaida cewa juyawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. Kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin manufofin Shari'a. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, amma doka ba ta wadatarwa idan zukata ba su gamsu ba, musamman da yake muna yawan auren zumunci.

Shawarata ga iyaye da waliyyai: a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kafin soyayya ta yi nisa. Kada kuma a ƙyamaci masu sikila; ba su suka zaɓi harafin ba, kuma suna da haƙƙin aure da kulawa kamar kowa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya albarkaci zuriyarmu.